Yadda Ake Daidaita Tashoshin Launi da Gyara Kalar Fata a DaVinci Resolve

Mafi yawan bidiyon da fuskar mutane take fita ja-ja-jir, ko kore-kore, ko fari fat kamar an barbaɗa toka, ba a fatar matsalar take ba. Hoton ne gaba ɗayansa ya karkata, fuska ce kawai take tona asiri, domin ido ya san kalar mutum fiye da yadda ya san kalar bango. Saboda haka tsarin aikin shi ne a daidaita hoto duka tukuna, a zo kan fata daga baya, kuma a taɓa ta kaɗan. Za a yi bayanin da DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design, domin na kyautar ya wadatar da duk abin da ke ƙasa. Sunayen maɓallai an bar su yadda suke rubuce a manhajar don ka gane su.

Kayan aiki

Kwamfuta mai RAM aƙalla giga 16. Mai giga 8 za ta buɗe manhajar, amma za ta riƙa sarƙewa da zarar gyare-gyare sun yi yawa.

Sikirin mai nuna launi na gaskiya, irin IPS. Ka kunna shi ya yi kamar minti 20 kafin ka fara, ka kashe duk wani saitin kare ido da ke sa shi rawaya da dare. In laftof ce, ka sa caji, domin da yawa suna rage haske idan suna kan batir.

Ɗaki mai haske tsayayye. Ka saki labule. Ɗakin da aka yi wa fentin kore ko ruwan hoda yana yaudarar ido, kuma kwan fitila mai ruwan ɗorawa zai sa sikirin ya yi maka shuɗi, sai ka cika rawaya a hoto ba ka sani ba.

Ainihin fayil ɗin da ya fito daga kyamara. Bidiyon da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, launinsa zai farfashe da zarar ka taɓa.

Katin toka ko farar takarda da aka nuna wa kyamara lokacin ɗauka. In babu, za a nemi madadinsa a mataki na 4.

Waya biyu masu kamfani daban, don gwaji a ƙarshe.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai

Kowane hoton bidiyo haɗin tashoshi uku ne: ja, kore da shuɗi. Inda ukun suka zo daidai wa daida, a nan ake samun fari, toka ko baƙi. Kowace tasha tana da kishiya. Ka rage shuɗi, rawaya ta shigo. Ka rage kore, jan-shunayya ya shigo. Ka rage ja, shuɗi mai ratsin kore ya shigo. Wanda ya haddace wannan ya gama rabin aikin.

Na biyu, baƙin mutum da wankan tarwaɗa da farar fata duk jinsin launinsu kusan ɗaya ne, wani abu tsakanin ja da rawaya. Bambancinsu a haske yake da kaurin launi. Gyaran fata yana nufin mayar da jinsin launin inda ya dace, ba ƙara wa mutum fari ba.

Mataki na 1: Saita aikin

Ka shiga Project Settings, ɓangaren Color Management. Ka bar Color Science a kan DaVinci YRGB, ka sa Timeline Color Space, wato launin layin aiki, a Rec.709 Gamma 2.4, wanda shi ne ma'aunin talabijin da mafi yawan bidiyon intanet. Sai ka koma shafin Color.

Mataki na 2: Buɗe ma'aunai

Ido yana sabawa da kuskure. Ka kalli hoto mai kore na minti biyar, sai ya fara yi maka daidai. Ma'auni ba ya sabawa da komai. Uku za ka buɗe daga Scopes.

Waveform shi ne ma'aunin haske: ƙasansa 0, baƙi ƙirin, samansa 1023, fari tas. Parade, wanda za mu kira jerin tashoshi, yana nuna ja da kore da shuɗi kafaɗa da kafaɗa. Vectorscope kuma faifan launi ne: tsakiyarsa babu launi, nisa daga tsakiya shi ne kaurin launi, kusurwa kuma ita ce jinsinsa. A saitin faifan ka kunna Show Skin Tone Indicator, wani layi zai fito yana nuna wajen ƙarfe 11 na agogo, tsakanin akwatin ja da na rawaya. Layin fata ke nan. Ka kunna Show 2x Zoom ma, domin alamar baƙar fata gajera ce, ba ta nisa da tsakiya.

Mataki na 3: Jera nod-nod, ka gyara haske

Nod akwati ne da ke ɗauke da gyara guda. Alt+S yana ƙara sabo. Ka yi shida, ka sa wa kowane suna: haske, tashoshi, sauyi, tazara, fata, salo. Masu koyo suna cusa komai a nod ɗaya, in abu ya lalace sai a rasa inda ɓarnar take. Ctrl+D yana kashe nod guda don ka ga abin da ya ƙara.

In an ɗauki bidiyon da log, wato ya fito a koɗe kamar tsohon yadi, ka fara da nod na uku. Ka jawo Color Space Transform daga Effects ka ɗora masa, ka faɗa masa abin da kyamara ta ɗauka da shi. Na Sony galibi S-Gamut3.Cine ne da S-Log3, na Panasonic V-Gamut da V-Log. Mafita kuma Rec.709 da Gamma 2.4. Kada ka yi canki-canka, ka tambayi mai kyamara, domin zaɓin da ba daidai ba yana murɗe launin fata murɗewar da ba ta gyaruwa da hannu. Bidiyon iPhone da aka ɗauka da HDR a kunne shi ma yana buƙatar wannan sauyin, mashigarsa Rec.2020 da Rec.2100 HLG. In bidiyon na yau da kullum ne, ka bar nod ɗin fanko.

Yanzu nod na farko. A Primaries akwai wili huɗu: Lift na duhu, Gamma na tsakiya, Gain na haske, Offset na ɗaga hoto ko sauke shi dungurungum. Ƙarƙashin kowane akwai ɗan gargare na haske kaɗai, da shi za ka yi aiki a nan. In log ne, Offset kawai za ka taɓa. In ba log ba ne, ka sauke Lift har mafi duhun hoto ya kusa 0 bai manne ba, ka daidaita Gain har farar shadda ta tsaya wajen 850 zuwa 940. In ta kai 1023 ta miƙe ta zama layi, aikin zaren da ke wuyan rigar ya tafi.

Fuska fa? Farar fata takan zauna wajen 600 zuwa 700, wankan tarwaɗa 450 zuwa 550, baƙin mutum 300 zuwa 450 a gefen da haske yake bugawa. Waɗannan mafari ne kawai, wurin biki da dare ba zai yi daidai da filin rana ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne edita ya ji a wani darasi cewa fata a 700 take zama, sai ya ja baƙin mutum can. Fuskar ta yi furu-furu kamar ƙafar da ba ta ga mai ba a tsakiyar hunturu, farar riga ta ƙone, yashi-yashi ya cika inuwa.

Mataki na 4: Daidaita tashoshi uku

Nan ne ainihin aikin, a nod na biyu, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa.

Ka nemi abin da ka tabbata ba shi da launi: katin toka, farar takarda, farin rawani, tayar mota, baƙin takalmi. Ka yi hattara da farar shadda, domin sau da yawa an sa mata bula, tana da ɗan shuɗi na asali. In ka mayar da ita fari tas, sauran hoton zai yi rawaya. Kada kuma ka auna da wurin da ya ƙone, kamar kwan fitila ko taga, domin a can tashoshin sun riga sun cike, ba za su faɗa maka gaskiya ba.

Ka nemo abin a jerin tashoshi. Abu guda zai bayyana sau uku, a ja, a kore, a shuɗi. In farin abu ne kuma tsayinsa ɗaya a ukun, lafiya lau. In shuɗi ya fi tsayi, hoton ya yi sanyi, galibi an bar saitin launin hasken kyamara a 3200K na fitilar ɗaki aka fita rana, wadda take wajen 5600K. In ja ya ɗara shuɗi da yawa, akasin haka ne. In kore ne ya leƙo sama, fitilar ce: dogon kwan fulorasan da ƙananan fitilun LED masu arha sun shahara da wannan.

Hanya mafi sauri ita ce Temp da Tint. Temp yana kai hoto tsakanin shuɗi da ruwan lemo, Tint tsakanin kore da jan-shunayya. Akwai kuma ɗan bututun tsintar fari a Primaries, ka danna shi a kan katin toka ya yi maka ƙiyasi. Yana kusantar da kai ne kawai, sai ka ƙarasa da hannu.

Ƙarasawar ta tasha-tasha ce. Ka sauya Primaries daga wili zuwa sanduna, wato Bars, inda kowace tasha take da sandarta. Kafin ka ja komai, ka dubi Lum Mix. Yana zuwa a 100, ma'ana in ka sauke shuɗi, manhajar za ta ɗaga ja da kore da kanta don haske kada ya canza, sai ka ga kana bin tashoshin suna guje maka. Ka mayar da shi 0, kowace tasha ta tsaya inda ka ajiye ta. Sai ka bi wannan jerin: ƙasan tashoshin ka daidaita su da sandunan Lift kana duban baƙin abu, samansu da sandunan Gain kana duban farin abu, tsakiya da Gamma kana duban toka. Ka koma ka sake duba Lift, domin jan ɗaya yana ɗan motsa ɗaya. Motsin ƙanana ne: Gain daga 1.00 zuwa 0.96 ya isa ya kawar da shuɗin da ido yake gani. A log kuma, sandunan Offset sun wadatar.

In babu fari ko toka ko kaɗan a hoton, fatar ce za ta zama ma'auninka. Ka tsallaka zuwa mataki na 6 ka auna ta, ka dawo nan ka motsa Offset har ta hau layi.

Bidiyon lokacin hazo yana da nasa hali. Ƙura tana ɗaga duhu, sai ka ga ƙasan tashoshin suna shawagi a sama, shuɗi kuma ya gaza sauran. Ka sauke Lift, ka ɗan ɗaga shuɗi a Gain, amma kada ka wanke shi tas. Mai kallo a Kano ko Damagaram ya san kalar sararin Janairu, in ya gan shi shuɗi shar zai ji wani abu bai zauna ba.

Wurin dina kuwa, inda fitilun shunayya da shuɗi suke wanke fuskar ango da amarya, sanduna ba su cika isa ba, domin tashar shuɗi ta riga ta cika ta batse. A nan RGB Mixer yake amfani. A ɓangaren Blue Output, ka sauke shuɗi daga 1.00 zuwa 0.70, ka ɗaga kore daga 0.00 zuwa 0.30. Aro ka yi daga tasha mai lafiya ka cike marar lafiya. Ka tabbata jimillar lambobin uku ta koma 1.00, in ba haka ba fari zai canza launi. Fuskar za ta dawo kusa da mutum, amma ka bar ɗan shunayyar, fitilar wurin ce kuma masu bikin kuɗi suka biya a kunna ta.

Mataki na 5: Tazarar haske da duhu, da kaurin launi

A nod na huɗu ka ɗaga Contrast, wato tazarar, daga 1.000 zuwa wajen 1.100 ko 1.200. Kusa da shi akwai Pivot, wanda yake zuwa a 0.435. Duk abin da ke ƙasa da wannan lamba duhu yake ƙarawa in ka ɗaga tazara, kuma baƙar fata galibi a ƙasansa take. Shi ya sa fuska take nutsewa da zarar an ƙara wa hoto kaifi. Ka sauke Pivot zuwa 0.300 ko 0.350, tazarar za ta riƙa juyawa a kan fuskar maimakon ta danne ta.

Sat, wato kaurin launi, yana zuwa a 50. Tsakanin 55 da 60 ya ishi yawancin hotuna. Atamfa da leshi sun riga sun zo da launinsu, in ka wuce haka jan ɗankwali zai fara zuba.

Mataki na 6: Auna fata

A nod na biyar ka shiga Window, wato taga mai keɓe wani yanki na hoto, ka zana ƙaramar da'ira a kan kunci. Ka kauce wa goshi da karan hanci inda maiƙo yake ƙyalli, ka kauce wa jan-baki, gemu da jan hodar kumatu. Ga macen da ta sha kwalliya, wuya ko bayan hannu ya fi faɗin gaskiya. Ka danna Shift+H, komai zai koma toka sai da'irar, faifan launi kuma ya nuna fatar ita kaɗai.

In alamar ta kwanta a kan layi ko dab da shi, ka bar fata ta huta, mataki na 4 ya riga ya yi aikin. In ta karkata dama wajen ja, fuskar ta yi ja. In ta karkata hagu wajen rawaya, ta yi ɗorawa ko kore, irin kalar marar lafiya. A jerin tashoshi lafiyayyar fata matakala take yi: ja a sama, kore a tsakiya, shuɗi a ƙasa. Layin jagora ne, ba doka ba. Mutane sun bambanta, kuma ɗan karkata dama ya fi karkata hagu kyan gani nesa ba kusa ba.

Baƙar fata tana ɗaukar hasken abin da ke kewaye da ita fiye da fara. Shuɗin sama yana sauka a goshi, koren darbejiya yana sauka a kunci. Wannan ƙyallin shi yake ba fuska siffa. Ka rage shi in ya yi yawa, kada ka goge shi.

Mataki na 7: Gyara ta

Ka fara da hanya mai sauƙi. Ka goge da'irar, ka shiga Curves, ka zaɓi Hue vs Hue, ka danna fata a hoton. Ɗigo uku za su fito a kan layin. Ka motsa na tsakiya sama ko ƙasa kaɗan-kaɗan kana duban faifai. Hue vs Sat kuma yana rage ko ƙara kaurin launin fatar. Wannan hanyar ba ta cika farfasa hoto ba, ita ta fi dacewa da bidiyon waya da na ƙananan kyamarori masu bit 8, waɗanda matakai 256 kawai kowace tasha take da su, saɓanin 1024 na bit 10.

Illarta ita ce duk abin da ya yi kalar fata zai motsa tare da ita: katangar jar ƙasa, ƙofar katako, shadda ruwan ƙasa, jan lalle a hannun amarya. In haka ta faru, sai a ware fata da Qualifier, wato bututun da ke zaɓo launi guda a hoto. Ka ja bututun a kan kunci, ka kunna Shift+H, ka ɗauki bututu mai alamar tarawa ka ƙara gefen inuwa da wuya. Ka faɗaɗa Hue, wato jinsin launi, kaɗan, ka buɗe ƙasan Luminance, wato haske, sosai, domin a baƙar fata gefen inuwa ne yake fara zubewa daga zaɓin, fuska ta fito rabi da rabi. A Matte Finesse ka ɗan ɗaga Clean Black da Clean White, ka sa Blur Radius tsakanin 10 da 30. Sannan ka zana taga mai laushin baki kewaye da mutumin don katanga ta fita, ka danna Ctrl+T taga ta bi shi in yana motsi.

Ka kashe Shift+H, ka tura wilin Gamma ko Offset kaɗan zuwa inda layi yake. In fuskar ta yi toka-toka, ƙarin Sat na 3 zuwa 6 take so, ba ƙarin haske ba. Ka kunna bidiyon yana tafiya, domin zaɓin da ya yi kyau a tsaye yana iya yin ɓal-ɓal a gefen fuska in ana motsi. In ka ga haka, ka faɗaɗa zaɓin, ka ƙara laushi. Daga nan ka shiga Key ka sauke Key Output Gain, wato ƙarfin gyaran nod ɗin, daga 1.000 zuwa wajen 0.600. Kusan kullum gyaran farko yana wuce gona da iri.

Amaryar da hodarta ta fi wuyanta haske sosai, taga biyu take so: a ɗan sauke Gain a fuska, a ɗan ɗaga Gamma a wuya, su kusanci juna. Kada a haɗe su ɗaya, za ta ce an ɓata mata kwalliya. In mai aiki ya dage sai an ƙara masa haske, ka yi da taga mai laushi a kan fuska, ka ɗaga Gamma kaɗan kamar an ƙaro fitila, ka bi da ɗan kaurin launi. Jan fata sama da Qualifier yana barin leɓe da kewayen ido a duhu, ya fito kamar mai shafe-shafe.

Midtone Detail in an sauke shi zuwa -10 ko -20 a nod ɗin fata yana lallashe ƙuraje. Ƙasa da haka fuska roba take komawa.

Mataki na 8: Salo, da daidaita sauran kilif

Duk wani LUT, wato shiryayyen fayil na salon launi, ko salon fim a nod na shida yake zama, kuma ka rage ƙarfinsa a Key zuwa rabi ko ƙasa. Yawancin salon shuɗi da ruwan lemo suna zuba shuɗi a duhu, baƙar fata kuma a can take zaune, sai mutum ya fito kore-shuɗi. Bayan ka ɗora salo ka sake auna kunci.

In kilif ɗaya ya yi, ka danna dama a kan hoton ka zaɓi Grab Still. Ka je kilif na gaba, ka danna tsakiyar maus a kan wanda ka gama, gyaran zai kwafu. Ctrl+W yana raba sikirin biyu don ka gwada su gefe da gefe. Nod na ɗaya da na biyu ne za ka sake wa saiti a kowane kilif, taga kuma sai an sake bin ta. In kyamara biyu aka yi aiki da su, ka daidaita fuskar mutum ɗaya a duka biyun, ka ƙyale bango ya ɗan bambanta.

In babu Resolve

A Premiere Pro, Lumetri Color yana da Temperature da Tint, da lanƙwasar kowace tasha a RGB Curves, da HSL Secondary a madadin Qualifier, faifan launinsa ma yana da layin fata. A CapCut na waya akwai Temp, Tint da HSL, inda ruwan lemo shi ne launin da fata take ciki. Tunda a waya da ido za ka yi aiki, ka ajiye hoton mutum mai kyakkyawar kala a gefe kana gwadawa, kana kuma ɗauke kai daga sikirin lokaci-lokaci.

Mataki na 9: Fitarwa da gwaji

A shafin Deliver ka zaɓi MP4 da H.264, ka bar adadin firam yadda aka ɗauka, ka sa ingancin 1080 a wajen 15,000 zuwa 20,000 Kb/s. Ƙasa da haka inuwar fuska ce take fara yin dabbare-dabbare. Ka fitar da daƙiƙa 30 tukuna, daga wurin da ya fi ba ka wahala, ka tura wa wayoyin nan biyu a matsayin fayil, ba a matsayin bidiyo ba, don kada a matse shi. Ka kashe True Tone a iPhone, ka mayar da sikirin Samsung daga Vivid zuwa Natural, ka sa hasken wayar a rabi. In fuskar ta yi ja a waya ɗaya kawai, wayar ce. In ta yi a duka biyun, ka koma nod na biyu ka sake duban jerin tashoshi kafin ka taɓa nod ɗin fata.